Robar da Yaya Gwadabe Ya Raina

Gwaram, Litinin

Zuwa ga Yaya Gwadabe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Sa'adiyya da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Takarda na zaɓa, don in na kira ka a waya zan faɗi abin da ƙanwa ba ta faɗa wa yayanta.

Wata biyu ina jiran robar nan daga Kano. Na ce a ajiye ta a rumfarka ta faci a Birnin Kudu, tunda nan Rilwanu direba yake tsayawa. Ajiya na ce, Yaya. Wa ya sa ka buɗewa? Rilwanu ya ce da ka gan ta siririya kamar taliya sai ka rantse an cuce ni, ka riƙe ta, ka yanko mini tsohon tiyub na babur.

Na san shekara ashirin kana aikin roba. Amma jirgin da ɗalibaina suka haɗa da kara da leda bai kai nauyin takardar nan ba. Roba ce injinsa. Ana murɗa ta sau ɗari takwas, ta riƙa warwarewa a hankali tana juya farfela, jirgin yana kewaye cikin ɗakin taro. Taka a murɗi na sittin ta ƙi, da ɗalibata Kubra ta ƙara sai ta naɗe jirgin gida biyu. Aikin sati uku! Yarinyar har da hawaye. Ni kuwa na yi jifa da ƙunshin naka bayan randa.

Gasar tashin irin waɗannan jirage da za mu shiga ranar Asabar ce. Shugabar makaranta ta ce in jirginmu bai tashi a gaban baƙi ba, ɗakin kulob ɗin kimiyya zai koma ma'ajiyar karyayyun kujeru. Ka aiko mini da robata gobe.

Ƙanwarka,
Murja

Gwaram, Laraba

Yaya Gwadabe,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Da fatan kun tashi lafiya. Ni dai ban tashi lafiya ba.

Robar ta zo. Kwana biyar tana rataye a ƙusa rana na dukanta, da ka ji ta bushe kuma ka shafe ta da baƙin mai wai ta yi laushi. Rana da mai su ne ajalinta. Duk wadda muka murɗa sai ta tsinke, tun muna ƙirgawa har muka daina.

Abin da ya fi ci mini rai, ba mugunta ka yi ba. Tun ina yarinya haka kake, kana gyara mini abin da bai lalace ba. Na yi karatun nan, Yaya, kai ka kai ni makarantar a kan kekenka. Yaushe za ka yarda na san abin da nake yi?

Murja

Gwaram, Lahadi

Yaya Gwadabe,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya. A gaida Inna, a ce mata na ji saƙonta, amma ban huce ba.

Ranar Juma'a ina shara na zaro ƙunshinka na farko daga bayan randa. Ka tuna abin da ka ɗaure shi da shi? Guntun robata ne, da ka tsinka ka mai da shi igiya saboda raini. Shi kaɗai bai ga rana ba, bai ga mai ba, kwana huɗu yana shan sanyi. Da na duba tun farko da na gani, wannan laifina ne.

Bai kai kamu ɗaya ba, murɗi ɗari uku kawai ya ɗauka. Muka rufe tagogi, aka kashe fanka, Kubra ta saki sabon jirgin. Ya kewaye ɗakin sau biyu ya sauka a gaban teburin baƙi. Daƙiƙa talatin da takwas. Mu ne na ƙarshe, amma ya tashi, an bar mana ɗakin.

Da na waiwaya sai na hango wani a bakin ƙofa da rigar aiki duk baƙin mai, yana tafi kamar mu muka zo na ɗaya. Kafin in fito ya shige motar Rilwanu. Ka rufe rumfa ranar Asabar guda, ka zo har Gwaram, ka kasa tsayawa ka dubi idona?

Na sake aikawa Kano. Rumfarka za a kawo. Kada ka buɗe.

Ƙanwarka,
Murja