Mushe Jaji Ya Ba Ta Biyar Bisa Ashirin

Gwaggo Habsatu, don Allah ki agaza mini da shawara, kwana takwas kawai gare ni kuma kaina ya ɗaure. Ni malama ce a wani kwalej cikin ƙasar Tasawa, ba zan faɗi wanne ba. Damuwata a kan mutumin da ya yi mini komai ne, shi ya sa alƙalamin ma yake mini nauyi.

Bari in fara daga baya. Shekarar saba'in da huɗu, lokacin waccan yunwa, ina 'yar aji biyu na kwalej, an kawo ni daga Urafan, faransancina duk a karye. Malaminmu Mushe Jaji (Mushe muke ce wa malami da faransanci) ya ba mu redaksiyo, wato rubutun insha'i, wai mu ba da labarin girbi a gidanmu. Wane girbi? 'Yan aji suka zazzago abin da suka haddace, rumbuna cike, 'yan mata na waƙa a masussuka. Ni kuwa da ban iya hadda ba sai na rubuta yadda innata ke jiƙa 'ya'yan anza na daji kwana da kwanaki tana sauya ruwa don ɗacin ya fita. Na san sifiri na nema. Sai ya kira ni gindin itacen bedi, ya miƙo takardar ya ce in karanta da bakina, ya rufe ido yana saurare. Da na gama ya ce kuskure na da nasa hisabi, magana ma na da nata, kuma ba ya yarda ɗaya ya cinye ɗaya. Ya ba ni sha uku bisa ashirin. Sha ukun nan ita ta tsallakar da ni, a shekarar da aka kori ƙawayena huɗu. Daga baya ma a gidansa na zauna, matarsa Inna Zara'u ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Ko gobe in na ɗauki jan bik, wato biro, yadda ya koya mini nake gyara. Allah ya saka masa, ni dai ba ni da abin biyansa.

To yau ga shi muna aiki wuri guda. Shi ke gyara redaksiyon ajin da nake kula da shi, ni ke tattara maki. Idonsa ya raunana, Gwaggo, kowa ya gani, ba mai faɗi. Yana kai takarda har hanci, in an shigo ya yi maza ya ajiye. Na lura mai manyan baƙaƙe da tsabtar shafi shi ke samun maki yanzu, ko da shirme ya rubuta.

Akwai wata yarinya Rashida, 'yar Baudeta. Damina ba ta yi ba bara, ubanta ya tafi kudu neman abinci, kaye guda, wato littafin rubutu, take lallaɓawa tun buɗe lakwal, farkon shekarar karatu. Don kada ya ƙare ta koyi cusa layi biyu cikin layi ɗaya, rubutu kamar sawun tururuwa, har hannunta ya saba. A jarrabawar ƙarshe aka ce su ba da labarin ranar da ba za su manta ba. Ta rubuta ranar da kakarta ta liƙe tukunyar irin gero da laka, ta zauna a kai, jikoki na kuka, ita ma tana kuka, ta ƙi tashi. Na karanta sau uku. Kurakurai na nan, ban ɓoye ba, amma duk ajin ba wanda ya kama ƙafarta. Mushe Jaji ya ba ta biyar bisa ashirin, ya rubuta a sama cewa ba ya karantuwa. Ko ja ɗaya babu a cikin shafin, ke nan bai karanta ba.

Rashida ta riga ta maimaita aji sau ɗaya. Da biyar ɗin nan ba ta kai rabi ba, majalisar malamai da za ta zauna nan da kwana takwas za ta kore ta. In na kai wa darakta, maganar ido za ta fito, kuma kin san zamanin da muke ciki, takarda guda ta isa a sallami ma'aikaci, ga shi saura shekara biyu Mushe Jaji ya ajiye aiki da mutuncinsa. Har na yi tunanin in ƙara ɗaya gaban biyar ɗin ta zama sha biyar, ba wanda zai sani. Na ji kunyar kaina. In na yi shiru kuma, ni da aka ceta da sha uku, da wane ido zan dubi yarinyar nan?

Ɗiyarki daga Urafan

*

Ɗiyata, na ji daɗin wasiƙarki, don ba kullum nake samun wanda ya fara da lissafa alherin da aka yi masa ba kafin ya kawo ƙara. Allah ya yi miki albarka.

Ki fara cire maganar ƙara ɗaya daga ranki. Ha'inci ne, ko da niyyar kirki aka yi shi. In ya tonu ke za ki tafi, Rashida ta bi ki, shi kuma ya ji cewa ɗiyar da ya rena ta zagaye shi. Darakta ma ba yanzu ba.

Sannan ki yi wa malaminki adalci. Bai yi ƙarya ba da ya ce rubutun ba ya karantuwa. Ranar babbar jarrabawa baƙo ne zai gyara takardarta, bai san Baudeta ba, bai san labarin kaye ba, kuma ba zai wahalar da idonsa ba. Rage maki saboda ƙanƙantar rubutu daidai ne. Inda aka kauce shi ne a yanke wa magana hukunci ba a ji ta ba. Ki samo wa yarinyar kaye, ki zaunar da ita ta saki hannu, wannan aikinki ne ba nasa ba.

Ga abin da nake so ki yi, kuma gobe, kada ki jira jibi. Bayan la'asar ki je gidansa, ba ofis ba. Ki gaida Inna Zara'u, ki sha ruwa, ki nemi ganinsa ku biyu. Kada ki yi kwana-kwana, dattijo ne, zai gane. Ki gaya masa akwai takardar da rubutunta ya yi ƙanƙanta, kina roƙon ya ji ta da kunne kafin majalisa ta zauna. Ki karanta yadda take, kada ki gyara kuskure ko ɗaya da bakinki, ki nuna masa su ma ya yi musu hisabinsu. Makin da ya bayar bayan nan, da hannunsa zai rubuta, ko sha ɗaya ne ki karɓa.

Maganar ido kuwa, ku duka kun cuce shi da shirunku. Mai yiwuwa abin da tabarau ko ɗan aiki a asibiti zai gyara ne. Ki bi ta wajen matarsa, ta fi ki sanin lokacin da ake gaya masa magana. Kafin nan ki ba da kanki, duk ranar gyara ki riƙa karanta masa takardu, don ba Rashida kaɗai ke cikin ajin ba.

In ya ƙi saurare, to ki gaya masa a gabansa cewa za ki roƙi darakta a sa malami na biyu ya sake duba takardar, ba tare da kin ambaci ido ba. Zaman yarinyar a lakwal ya fi ɓacin ransa na kwana biyu nauyi.

Amma ban zaci zai ƙi ba. Kina ta cewa ba ki da abin biyansa, alhali ga shi a hannunki. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya rufe idonsa da gangan don ya ji ki da kyau. Yau da idon ya rufe ba da sonsa ba, ki je ki karanta masa. Allah ya ba shi lafiya, ya bar Rashida a ajinta, ya ba mu damina mai albarka.

Gwaggo Habsatu