Saƙon Likitan Dabbobi Ya Ɓace, Na Masu Maganin Maza Sun Iso

Zuwa ga shugaban sashen na'urori na biro, wato ofishin da ke tallafa wa ƙungiyoyin makiyaya, Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da abokan aiki.

Sunana Fanna, ni ce sakatariyar ƙungiyar makiyayan Gure da kewaye. In ka manta da ni, ni ce matar da ta dama maka fura ranar da ka zo gyara mana ordinata, wato kwamfutarmu, har ka nemi ƙari. Na yi ta rubuta maka ta imel ban samu amsa ba. Ban zarge ka da raini ba. Bayan abin da idona ya gani, na fi zaton wasiƙuna suna kwance cikin akwatin tarkacenka, shi ya sa na fito fili.

Na ɗaya. Gab da faɗuwar damina ka zo bironmu, ka saka wa akwatin imel ɗinmu wata ƙa'ida: duk saƙon da ya zo da kalmar magani, da Hausa ko da Faransanci, na'ura ta ware shi wurin saƙonnin gaggawa, ta kuma tura kwafinsa zuwa wayar shugabanmu, Alhaji Maina. Ka ce mini daga ranar, ko barci nake yi aiki na tafiya. Na ji daɗi, na yi maka addu'a.

Na biyu. Ba a daɗe ba likitan dabbobi ya aiko cewa za su zo da allura da maganin awaki a wata rijiya ta wajen Alakos, mu tara mutane. Saƙon bai shiga wurin gaggawa ba, bai je wayar Alhaji ba. Likita da mutanensa suka keta yashi suka isa, suka tarar da wani tsoho yana shayar da raƙumansa, bai ma san da zancen ba. Suka jira har rana ta yi tsaka, suka wuce Kelle. Da likitan ya kira ni, abin da ya faɗa mini ba na rubutawa ba ne. Daga baya na tsinci saƙonsa cikin akwatin tarkace, kusa da na wani bawan Allah da ke taya ni murnar cin mota.

Da na same ka a waya, ka yi mini bayani cikin natsuwa cewa mai tace saƙonni shi ke fara dubawa, kuma abin da ya ɗauka tarkace ne, ƙa'idarka ba ta ko ganinsa. Ka ce laifin saƙon shi ne an aika wa mutane da yawa lokaci guda. Ranka ya daɗe, likitan da ke kiran taro, mutum guda zai aika wa? Kuma tun da ka san wanda ke gaba da wanda ke baya, me ya hana ka gaya mini ranar fura? Sai da muka yi ta roƙo kafin likita ya sake zuwa, kuma kafin nan Ya Gana, wata dattijuwa a ƙungiyarmu, ta rasa awakin da take shan nononsu. Wannan ba abin dariya ba ne, kuma shi ne ya fi ci mini rai.

Na uku. Ka ce za ka gyara daga can inda kake, kuma ka gyara. Ka ƙara wa ƙa'idar cewa duk saƙon da ke da kalmar magani, kada mai tacewa ya sake taɓa shi. Ashe tun tuni akwai wasu 'yan kasuwa na duniya da ke aiko mana tallar maganin ƙarfin maza, mai tacewa yana ta haɗiye su ba mu sani ba. Ka ɗaure masa hannu, suka shigo ɗaya bayan ɗaya, aka karɓe su a wurin gaggawa, aka wuce da su wayar Alhaji. A saman kowane ɗaya kuma an rubuta daga wa ya fito: Fanna.

Na huɗu. Alhaji ba ya karanta Faransanci. Mijin 'yarsa, Mushe Abba, malamin lakwal, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe, shi ke karanta masa saƙonni bayan la'asar a ƙofar gida, inda dattawa ke zama. Saboda abin da ya faru a Alakos, Alhaji ya riga ya ce duk saƙon magani daga wurina a karanta shi nan take, kowa ya ji. Mushe Abba ya buɗe, ya duba, ya ce reso ba shi da kyau, wai saƙon ya ƙi buɗewa. Alhaji ya ce ai ga rubutu nan yana hangowa. Mushe ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, maganin ƙarfi ne." Alhaji ya tambaya ko na raguna ne ko na shanun huɗa, ya kuma ce a bincika ko zai ishi kowa. Nan Mushe ya tuna yana da wani aiki a lakwal, ya ajiye waya ya tashi. Sai ta faɗa hannun Malam Bukar, tsohon jandarma, wanda ya iya Faransanci kuma bai iya kunya ba. Ya fassara tun daga farko har ƙarshe, ya bi da bayanin hoton.

Na biyar. Tun ranar, Alhaji in zai yi mini magana bango yake kallo. Mushe Abba ya canza hanyar zuwa aiki. Hajiya Bintu, uwargidan Alhaji, ta zo har gidana tana dariya har da hawaye, ta ce, "Fanna, ni da nake gidan ban kai ƙara ba, ke wa ya kawo miki?" Maigidana ya ji labarin a tasha. Ya dawo ya ci tuwonsa, sai da ya wanke hannu ya tambaye ni tun yaushe lafiyar Alhaji ta zama aikin sakatariya. Na kai shi biro na nuna masa komai, ya gane. Amma ba zan iya kai kasuwar Gure gaba ɗaya biro ba, kuma a can yanzu Likita ake kirana.

Na kashe ordinatar, na zare wayarta daga bango, na rufe ta da zane. Saƙonni ba su fasa tafiya ba. Sai daga baya na fahimci ƙa'idar ba cikin na'urarmu take zaune ba, can wurinku take, kuma kai kaɗai ke da ikon taɓa ta.

Don haka ga roƙona. Ka cire wannan ƙa'ida ta kalma, ka sake wa mai tacewa hannu ya koma bakin aikinsa. Ka saka adireshin likitan dabbobi da na sauran waɗanda muke hulɗa da su cikin amintattu, yadda za a gane su da sunansu, ba da kalmar da kowane ɗan talla zai iya rubutawa ba. Ka daina tura komai da sunana ba da sanina ba. Ka koya mini yadda zan gyara da kaina, kuma duk ƙungiyar da ka saka wa irin wannan, ka gaya mata ta riƙa leƙa akwatin tarkace. Bironku kuma ya dubi halin da Ya Gana take ciki. Sannan ka zo Gure da ƙafarka, ka zauna a ƙofar gidan Alhaji bayan la'asar, ka yi wa dattawa bayani da Hausa, yadda ka yi mini, cikin natsuwa.

Akwai roƙo guda da ba nawa ba ne. Wasu dattawan kwamiti sun same ni a ɓoye, kowa shi kaɗai, kowa ya ce wani abokinsa ne ya aiko shi, suna son a adana musu lambar masu tallar kafin a share. Na shaida musu wannan aikin sashenka ne, na kuma ba su lambarka.

Allah ya ƙara maka basira, ya tsare maka mutuncinka, ya ba ka haƙurin amsa waya.

Wassalam.

Fanna, sakatariyar ƙungiyar makiyaya, Gure.