Jar Gora a Cikin Kula

Sharaɗa, Kano

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Ina fata ka isa Damagaram lafiya, ka iske Inna da mutanen gida ƙalau. Yaya ƙarin haƙurinmu?

Wayarka a kashe take tun da aka share makoki, shi ya sa na ba Malam Idi direba wannan takarda. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san iyakar karatuna.

Ka tafi ba ka ci tuwon da na ajiye maka ba. Takalman yarinyar nan suna bakin ƙofa, na kasa ɗagawa. In jiniyar kamfaninku ta yi kuka da yamma sai in kalli ƙofa, don lokacin ne take rugawa ta tarbe ka ta ƙwace jakarka.

Ba wanda ya zarge ka a unguwa. Ka dawo.

Ka gaida Inna.
Matarka, Zuwaira

Sharaɗa, Kano

Zuwa ga Maigida,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Yaya ƙafar Inna?

Malam Idi ya ce ka karɓi takardata ka sa a aljihu. Ya ce ka rame, kuma kana faɗa wa mutane kai ka kashe 'yarka. Wannan magana ta hana ni cin abinci.

Mu faɗi abin yadda ya faru. Kullum da gorar zoɓona kake tafiya aiki. Ranar kun juye tsohon ruwan lagireton janareta, jan nan, ka hana a zubar da ragowar a kwata saboda awakin mutane suna sha su mutu. Ka ɗura a gorar da ka shanye don ka kai wa mai karɓar irin wannan ruwa a Dakata, ka manta da ita a jaka. Ni na ga ja, na ce yau Maigida bai sha zoɓonsa ba, na jefa a kula da ƙanƙara. Ita kuma ta dawo daga Islamiyya da ƙishi. To ina mai kisa a nan? Awaki ka tausaya wa.

Da ta fara tangaɗi tana dariya, mu biyu muka ce iska ce, muka nemo rubutu. Sai da fitsari ya ɗauke muka tafi asibiti. Kana tsaye likita ya ce abin zaƙi gare shi, shi ya sa yara ba sa tofarwa, kuma da an kawo ta da gorar tun a ranar, akwai magani kafin ya taɓa ƙoda. Na ga fuskarka lokacin. Ni ma wannan maganar nake kwana da ita nake tashi da ita, sai dai ni kaɗai nake ɗaukarta a ɗakin nan.

Nura abokin aikinka ya zo gaisuwa. Ya ce yanzu an ajiye duro mai murfi, an rubuta guba a jiki, an hana kowa zuba shi a gorar abin sha. Na ce Allah ya sa ya tsare na wasu. Na daina zoɓo. Kular na bayar.

Ka dawo ko don ni.
Zuwaira

Sharaɗa, Kano

Zuwa ga Baban Aina'u,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Allah ya sa kana samun barci.

Ka ga na rubuta sunanta. 'Yar fari ce, kunya ta hana ni kiransa tana raye, kullum sai "ke" ko "yarinyar nan". Har ta taɓa tambayata ko na manta sunanta ne, na kore ta da muciya tana dariya. Yanzu ina faɗarsa a ɗaki, ba mai amsawa.

Saƙonka ya iso, cewa ba za ka iya haɗa ido da ni ba, in koma gidanmu. Yayana Muhyiddeen zai zo daga Ringim ya ɗauke ni. Makulli yana wurin Hajiya Rakiya maƙwabciyarmu. Takalman na sa a jakata.

Na daina roƙonka ka zauna da ni. Abu ɗaya ya rage. Mata ba ma bin gawa, kai ka shiga ka kwantar da ita. Waɗanda na tambaya sun ce maƙabartar ta cika, ba su riƙe wurin ba. Ka gaya wa Malam Idi ko kusa da wace bishiya ce, don in zan yi mata addu'a daga Ringim in san inda zuciyata za ta dosa.

Allah ya jiƙanta, ya sassauta maka.
Uwar Aina'u, Zuwaira