Muryar Baba ta shiga cikin waƙata

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a taimaka a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wani abu ne ya tsaya min a rai, na rasa inda zan sa kaina.

Ni matashi ne a Jekadafari nan Gombe, tun ina sakandare nake rubuta waƙa. Bara na ce bari in haɗa ɗan situdiyo a gida. Na share siton da ke jikin ɗakin Baba, na samo tsohuwar laftof da makirfo da sifika, na bi masu shayi ina roƙon kwalin ƙwai na manna a bango, wai don ya tare ƙara. Wallahi ko kukan akuyar maƙwabta bai tare ba, kyankyasai kawai ya tara min. Hedifon kuwa a lokacin gani nake gayu ne. Sai in saki kiɗa a sifika in hau waƙa, makirfo ya kwashe komai a haɗe, da ni da kiɗan da duk abin da ya motsa a tsakar gida.

Shi Baba ba ya son kiɗa ko kaɗan. Bai hana ni da bakinsa ba, amma na ji ya ce wa Dada, mahaifiyarmu, shi dai kada Allah Ya haɗa shi da kiɗa duniya da lahira. To kuma bayan la'asar a gindin tagar siton nan yake shimfiɗa tabarma yana jan carbi, ga shi da tari. Haushi nake ji sosai, rikodin nawa na goge saboda tarin nan, guda ɗaya ne kawai ya tsira, shi ma mantuwa na yi.

Bayan ƙaramar sallah Baba ya rasu, jinyar ma ba ta yi nisa ba. Mutum ne mai ƙaramar waya, bai taɓa tura saƙon murya ba, bidiyo kuwa ko a biki ba ya yarda. Da aka yi arba'in wani abokina mai situdiyo a Barunde ya zo ya gyara min ɗakin, aka sa soso da labule mai kauri, ya ba ni aron hedifon. Ranar na buɗe tsohon rikodin ɗin nan, sai na ji Baba. A ƙarƙashin kiɗan yana salati a hankali, ya yi tari, sai ya yi shiru har na gama baiti guda. Sannan ya ce, "Babana, wannan waƙar taka…" Haka yake kirana, don sunan mahaifinsa na ci. A daidai nan na danna na tsayar da rikodin ɗin a wancan lokacin, ban ma san ya yi magana ba. Har yau ban san faɗa zai yi min ba ko yabo.

Na kasa riƙewa ni kaɗai na kunna wa Dada. Yanzu kullum bayan la'asar sai ta aiko in kawo mata, matar da ko rediyo ta sako waƙa kashewa take, ta zauna tana jure kiɗan don ta ji tarin mijinta. Da babban yayanmu Hamma Sale ya ji, gidan ya kusa kamawa da wuta. Ya ce na ɗora salati a kan kiɗa, na haɗa Baba da abin da ya roƙi Allah Ya raba shi da shi, in goge kafin ya sake shigowa gidan. Dada kuwa kuka kawai ta yi. Abokina ya gwada cire kiɗan, amma muryar Baba ta yi ƙasa da yawa, yana cirewa ita ma ta bi shi.

Ni kuma ɗakin ya gagare ni. Shirun da na daɗe ina nema na samu, amma da na sa hedifon sai in ji tari ta wajen taga, in cire in leƙa, babu ko tabarmar. Na kasa rera ko layi ɗaya, tsoro nake ji, kuma kewarsa tana cina.

Jama'a, musamman masu ilimi a cikinku, ajiye rikodin ɗin nan zai cutar da shi a inda yake? In na bari, na saɓa masa a abin da ya fi ƙi. In na goge, da wane ido zan kalli Dada in la'asar ta yi? Kuma sau ɗaya na katse masa magana ban sani ba, wannan karon ina sane zan yi. Ya zan yi?