Inna, An Ɗaure Gero a Gonarki ta Daddara

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ladabi da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na rubuto ne in shaida miki cewa bana an ɗaure gero a gonarki.

Kin san tun kina da rai gonar ta yi damina biyu ba a shige ta ba, saboda tsoron 'yan bindiga. Bayan rasuwarki Yaya Sani ya ce a sayar, tunda shi yana Kano, ni kuma aikin asibiti ya riƙe ni a Jibiya. Na roƙe shi ya bar mini damina ɗaya. Gaskiya ban san abin da na taka ba, ni da ko hauya ban iya riƙewa ba.

Ana cikin haka sai ga Malam Isuhu, babban 'yan ƙwadagonki, wanda yake ƙetaro iyaka daga ƙauyensu na Nijar. Ya tsufa, Inna. Ya zo da mutum uku da ƙullin irin geron nan da kika ba shi shekarar da fari ya cinye nasa. Ashe tun lokacin yake shuka shi a can. Mu kuwa namu ya daɗe da ƙarewa.

Su suka yi sassabe da shuka, suka yi noman farko da maimai. Ni nawa fura ce. Na tuna yadda kike dama musu da hannunki, kina cewa, "Wanda ya sunkuya a gonarki, kada ya miƙe da yunwa." Kullum kafin in tafi aiki sai na dama na ba mai babur ya kai musu.

Ana tsakiyar damina ruwa ya ɗauke, ganye ya fara nannaɗewa. Na je wata Asabar, na tsaya gindin gawon da kike zama, na yi kuka. Malam Isuhu kuwa ya ci gaba da nomansa. Ranar Talata sama ta sako.

Amfanin bai kai na zamaninki ba: rumbu ɗaya ya cika, na biyu ya tsaya rabi. Mun fitar da zakka, kowane ɗan ƙwadago kuma na ɗora masa dami a kan ladansa, yadda kika saba.

Yaya Sani ya zo ranar ɗauri. Ya zaro zangarniya ɗaya, ya murza a tafin hannu, ya daɗe yana kallon ƙwayar. Daga nan ya juya ya tambayi Malam Isuhu yaushe ya kamata a fara kai taki.

Innata, na yi kewarki ranar nan ƙwarai. Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata makwancinki, Ya sa duk bakin da ya ci geron nan ladansa ya iske ki. Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, mu ga baɗi.

Ɗiyarki,
Hadiza