Sakatar Gidanmu

Mahuta, Kaduna
3 ga Fabrairu

Anti Dorcas,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar? Yaya mutanen Zonkwa? Na rubuto ne don kin iya kashe wa mutum waya a kunne, takarda kuwa ba a kashe ta.

Ran Litinin na fasa wa wani baki a shagonmu na walda, Oga ya ce in je gida in huce. Mutumin ce mini ya yi ɗan sakata. Ni kaina na zagi mutane da kalmar nan ba adadi. Wanda ya gudu ya bar abokinsa hannun 'yan sanda, ɗan sakata ne. Wanda ya ga an taru a kanka ya kau da kai, shi ma. Yanzu har mai rowar cajar waya ana ce wa haka. Amma wannan gayen cewa ya yi, "Kai ai na asali ne, je ka tambayi gidanku."

Na duba tsohon ƙamus ɗin da na saya a bakin titi. Sakata dai ƙarfen kulle ƙofa ce, babu zancen zagi. 'Yan unguwar Kawo ba su ma taɓa jin zagin ba, daga Kakuri zuwa nan kawai take yawo. Da na tambayi Mama sai ta tashi wai tuwonta zai ƙone, alhali ko wuta ba ta hura ba.

Ran ashirin ga wata za a yi sujadar cika shekara da rasuwar Baba, ni Fasto ya ce in karanta tarihinsa. Shafi uku na cika: Ebenezer mai tsoron Allah, mai riƙon zumunci. Kafin in tsaya gaban jama'a su yi mini dariya a ciki, ki faɗa mini abin da kowa ya sani ban da ni.

Ɗanki,
Kevin

Zonkwa
11 ga Fabrairu

Ɗana Kevin,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ƙafa da sauƙi. Kwana uku takardarka ta yi cikin Littafi Mai Tsarki kafin na iya ɗaukar biro.

Mu uku aka haifa, ba biyu ba. Autarmu Ruth ta auri Aminu tela, ta musulunta, babanka ya hana ambaton sunanta. A rikicin shekarar 2000, muna Kakuri, da rana tsaka ta gudo gidanmu, samari na bin ta saboda hijabin jikinta. Sun riga sun ce duk gidan da ya buɗe wa wani, wuta za su sa masa. Tana dukan ƙofa tana cewa, "Yaya, ni ce." Babanka ya tura sakata. A bakin ƙofar aka kashe ta.

Washegari, gaban maƙwabta, na ce masa daga yau sunansa Sakata. Yara suka ɗauka. Zagin da ka yi faɗa a kai daga bakina ya fito.

Kana cikin gidan ran nan, watanka huɗu, goye a bayan mamarka. Ni ma ina tsakar gida, ƙafafuna biyu lafiya lau. Ban tashi ba. Shi na laƙaba wa sunan don kada a laƙaba mini.

Da kuka koma Mahuta, gado da kujeru ya bari, ya ciro ƙofar ya tafi da ita.

Ubangiji ya riƙe ka.
Antinka,
Dorcas

Mahuta
15 ga Fabrairu

Anti,

Ina gaisuwa.

Tun ina shekara bakwai, kowace Asabar Baba ke sa ni in shafa wa sakatar nan mai, shi yana tsaye a kaina. Na ɗauka tsatsa yake gudu.

Na yaga shafi ukun. Abin da zan karanta bai kai rabin shafi ba, da sunan Ruth zai fara. Mama ta ce in na yi haka ba za ta shiga coci ba. Na je Makera na samo Malam Aminu, har yanzu yana kan keken ɗinkinsa. Ya daɗe yana kallona, ya ce goshin Ruth ne da ni. Ya ce zai zo, amma a waje zai tsaya.

Ki zo ki tsaya kusa da shi.

Ki huta lafiya.
Kevin