Tirelar Marigayi Sabi'u

Indianapolis, Amurka

Yaya Haladu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna? Ka ce mata ni da yara muna lafiya, barci ne dai bai gama dawo min ba.

Ka ce in sayar da tirelar mijina marigayi Sabi'u in dawo gida, tunda ofishin haraji sun aiko takarda. Gaskiya da na ga sunansa a jikin ambulan, sai da na yi kuka. Harajin manyan motoci ne, lokacin biya ya wuce yana asibiti, kuma sai da shaidar biya ake sabunta lambar mota.

Maƙwabciyata Darlene tsohuwar direba ce. Da na nuna mata takardar ta ce, "Ke, share fuskarki ki ɗauko biro, mutanen nan amsa kawai suke jira." Muka rubuta musu bayani, muka haɗa da takardar rasuwarsa, na biya. Sun amsa, maganar ta wuce.

Motar kam ba zan sayar ba, Yaya. Na ci jarrabawar tuƙin manyan motoci, ranar Litinin zan ɗauki kaya zuwa Memphis. Kada ka faɗa wa Inna tukuna, addu'a kawai za ka roƙar min a wurinta.

Ƙanwarka,
Tabawa